Kumfa, kumfar baki da gishirin andurus

Wata malamar firamare daga unguwar Mabera a Sakkwato ta aiko da tambaya. Ɗalibanta sun jiƙa omo a murfin bokiti suna hurawa da bututun biro, wasu 'yan ƙwallaye masu sheƙi suna tashi sama. Wani yaro ya ce, "Malama, mi ne ne sunan guda ɗaya?" Ta rasa abin da za ta ce masa.

Malama, sunanta kumfa, ko kumhwa a bakinmu na Sakkwatawa, yadda muke cewa hwata da hwara. Kalmar mace ce, shi ya sa ake cewa kumfar sabulu, kumfar madara. Abin da ya ɗaure miki kai shi ne Bahaushe bai saba ganinta ɗaya-ɗaya ba. A tare ya san ta: a bakin ƙwarya lokacin tatsa, a saman kofin shayin Buzaye, ko a inda ruwa ke zubowa da ƙarfi a madatsar Goronyo. Don haka sunan taro ne, irin yashi da gero. To yaya muke yi da gero idan guda muke nufi? Ƙwayar gero. Ki ce wa yaron ƙwayar kumfa. Na ji masu cewa balan-balan, amma wannan na roba ne, a bar masa sunansa.

Tunda yara ne, ki ƙara musu da wannan. Fatar ƙwayar kumfa ruwa ne siriri, sabulu ya rufe shi ciki da waje. Ruwa zalla yana jan kansa da ƙarfi, ba ya yarda ya miƙe ya rufe iska; sabulu ne ke sassauta shi. Fatar kuma kullum tana neman tsukewa, ga iska a ciki ta ƙi matsuwa, sai a sasanta a kan siffar ƙwallo. Ko da waya mai kusurwa huɗu aka hura ta, a mulmule za ta tashi. Fashewarta kuwa rashin ruwa ne: yana gangarowa ƙasa, yana kuma bushewa, har saman ya yi sirantar da ba zai riƙe ba. Shi ya sa a hunturun Sakkwato, ko a zafin Afrilu, kafin yaro ya ce "ga ta" ta tafi, amma da damina takan ɗan jima. Muna yara da karan ganyen gwanda muke hurawa, mu yi ta gardamar wa ya fi iya numfashi, ashe yanayi ne ke mana alkalanci. A zuba ɗan sukari a ruwan, za ta ƙara daɗewa. A kuma jiƙa yatsa da ruwan sabulun a soka mata a hankali: zai shige ba ta fashe ba. Busasshen yatsa kuwa, taɓawa ɗaya.

Wani ɗalibi daga Runjin Sambo ya tambaya: "tashin gishirin andurus" ake cewa ko "tashen", kuma wane ne Andurus?

Ɗana, ba mutum ba ne a wannan maganar, magani ne. Andrews sunan wani garin maganin ciki ne daga Ingila, wanda ake zubawa a kofin ruwa a sha. Akwai soda da sinadari mai tsami a cikinsa. Suna haɗuwa da ruwa sai su saki iska, irin wadda ke cikin lemon kwalba. Kofin ya yi shuu, kumfa ta taso kamar za ta zube, kafin ka kai baki ta kwanta. Bahaushe ya gani, ya mayar da sunan andurus, ya liƙa wa duk abin da ya taso da ƙarfi ya mutu da wuri: sabon shago, sabuwar ƙungiya, soyayyar Sallah. A ganina tashi ne asali, domin kumfar ce ke tashi. Amma da yake an fi jifan mai tashe da maganar, wato wanda ake yayinsa, sai harshe ya zame zuwa tashe. Ba na gyara wa mai faɗin ko wanne.

Abin da ya fi burge ni shi ne shekarun maganar. Ba a gada ta daga zamanin Shehu ba, sai da kantin magani ya zo. Masu cewa an daina ƙirƙirar karin magana su duba wannan.

Tambaya ta ƙarshe daga wata mai karatu a Gawon Nama: shin "kumfar baki" zagi ne? Ba zagi ba ne, amma ba yabo ba ne. Wanda ya daɗe yana faɗa yawu kan taru fari a gefen bakinsa, daga nan aka ɗauko. Idan aka ce wane yana ta kumfar baki, ana nufin faɗan ya yi yawa, kuma mai ba da labarin bai ɗauke shi da nauyi ba. Kada dai ki faɗa wa babba a gabansa.