Wata ta kira ni macuci a TikTok, in kai ta wajen 'yan sanda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shago a Kantin Kwari, ina sayar da atamfa da leshi, ina kuma tallar kayana a WhatsApp da TikTok. Makon jiya wata mata daga Kaduna ta sayi leshi yadi biyar, na aika mata ta mota. Sai ga ta a bidiyo tana cewa kalar ba ita ce ta hoto ba, wai ni macuci ne. Yaron shagona da ke riƙe da wayar ya mayar mata da zagi, mutane suka yi mini ca. Ƙanena ya ce in kai ta wajen 'yan sanda kan ɓata suna. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa iyakarta ke nan.

Maganar 'yan sanda, ka ajiye ta gefe. A watan Satumbar 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco ya cika zaƙi. Kamfanin ya kai ƙara, aka kama ta, har aka ɗauke ta zuwa Abuja. Rubutun da zai iya mutuwa cikin kwana biyu sai ya zama labarin jaridun gida da na waje, mutane suka yi ta kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin. Ba ina yanke hukunci kan wanda ya fi gaskiya ba ne, wannan aikin kotu ne. Ina nuna maka abin da kasuwa ta yi. Idan kamfani mai masana'anta ya ji a jikinsa, ina ga mai shago ɗaya?

Ka ɗauka matar nan a ƙofar shagonka ta tsaya tana ɗaga murya. Ba za ka bar yaro ya zage ta ba. Cewa za ka yi, "Hajiya shigo ki zauna," ka aika a kawo mata ruwa, domin ka san maƙwabta da masu wucewa sun zuba ido. To, haka abin yake a waya, sai dai layin ya fi tsawo, kuma abin da aka faɗa ba ya bin iska. Yawancin masu kallon bidiyon ba za su rubuta komai ba, su ne kuma masu sayen kayanka na gobe. Ba leshin suke aunawa ba, kai suke aunawa: idan tasu ta ɓaci, ya za ka yi da su?

Don haka yau ɗin nan ka karɓi wayar. Ka goge zagin yaron, amma kada ka yi kamar bai faru ba, tuni wani ya ɗauki hotonsa. Kada ka toshe matar. Ka rubuta da kanka a ƙarƙashin bidiyonta, gajere: "Hajiya, ni ne mai shagon. Maganar da aka faɗa miki daga lambarmu ba daidai ba ce, ki yi haƙuri. Zan kira ki yanzu mu gyara." Kada ka ƙara da "amma". Daga nan ka kira ta, murya da murya, don rubutu ba ya ɗaukar ladabi yadda baki ke ɗauka. Ka ba ta zaɓi: ta dawo da kayan ka biya kuɗin mota ka canza mata, ko ka mayar mata da kuɗinta. Malamai suna kiran karɓar kaya daga mai saye da ya yi nadama iƙala, kuma abin so ne a shari'a. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ita ma tana tare da wanda aka aika wa kaya saɓanin yadda aka siffanta masa.

Abin da nake zargi kuwa shi ne hoton. Da yawanku hoton dila kuke turawa, wanda aka ɗauka ƙarƙashin fitila aka gyara. Ruwan goro ya koma ruwan zuma, ruwan toka ya koma shuɗi. Ka riƙa fito da yadin ƙofar shago da rana, ka ɗauki gajeren bidiyo ba kwalliya, mai saye ta ce "ita ce" kafin ta tura kuɗi.

Shi kuwa yaro, ban ce ka kore shi ba, kishinka ya yi da wauta. Ka yanke masa iyaka: ya saka kaya, ya faɗi farashi, amma duk ƙorafi ya miƙo maka.

Idan kun daidaita, ka roƙe ta ta faɗa a inda ta yi ƙorafin, ba tare da ka gindaya shi sharaɗin mayar da kuɗi ba. Idan kuma ta ƙi komai, ka rubuta sau ɗaya cewa ka yi tayin canji ko mayar da kuɗi kuma tayin yana nan, sannan ka ci gaba da saka kayanka kamar kullum.