Allurar Baya ga Masu Rauni: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, mahaifina mai shekara 78 ya faɗi ya karye a ƙugu, ga ciwon huhu da ya daɗe yana fama da shi. An ce a wajen tiyata allurar baya, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, za a yi masa maimakon ta barci. Wacce ta fi aminci?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ga mai ciwon huhu, amfanin allurar baya a fili yake: da kansa zai riƙa numfashi, ba sai an zura masa bututu a maƙogwaro an jona shi da na'ura ba. Sai dai ba zan ce maka ta fi a komai ba. A 2021 an fitar da wani bincike da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 1,600 masu irin wannan karaya. Bayan kwana 60, yawan waɗanda suka rasu ko suka kasa tafiya kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu.

Ni abin da na fi sa wa ido shi ne zuciya. Allurar tana sa jijiyoyin jini su saki, cikin 'yan mintuna sai ka ga lambar awon jini tana ta sauka. Ƙarin ruwa da magani kan dawo da shi. Amma wanda ƙofar zuciyarsa ta tsuke sosai, wannan saukar tana iya yi masa illa. Idan an taɓa ce wa Baba yana da matsalar zuciya, ka faɗa wa likitan sa barci tun kafin a shiga tiyata.

Tambaya: Ina shan warfarin, maganin hana daskarewar jini. Za a iya yi mini?

Amsa: Hajiya, ba a yi sai an dakatar da shi, galibi kwana 5, an kuma gwada jini. In ba haka ba jini na iya taruwa ya danne laka. Kada ki daina sha da kanki, likitanki ne zai tsara.

Tambaya: Da gaske tana shanye ƙafa?

Amsa: Da wuya ƙwarai, Malam. A ƙasan baya ake soka ta, can ƙasa da inda laka ta ƙare. Nauyin ƙafar kan wuce cikin 'yan sa'o'i. Abin da aka fi gani shi ne ciwon kai mai tsananta in an tashi zaune, ya lafa in an kwanta, kuma yana da magani. In kuwa ƙafa ta sake mutuwa bayan ta farfaɗo, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, a koma asibiti nan take.