Amsa ga mai tambaya kan nauyin kunnen Baba da cutar Parkinson

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce kunnensa ya yi nauyi, kuma kin ji ana cewa rashin ji yana jawo Parkinson, wato ciwon makyarkyata. Mun yi jinyar mahaifinmu da duka biyun, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Maganar tana da tushe. A 2024 mujallar JAMA Neurology ta buga wani bincike kan tsofaffin sojojin Amurka sama da miliyan uku. An ga waɗanda jinsu ya ragu sun ɗara sauran kamuwa da cutar da kashi 26 cikin ɗari, kuma haɗarin ya sauka ga waɗanda aka sa wa na'urar ji da wuri. Sai dai ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Ta yiwu cutar ce ke fara taɓa kunnen tun hannu bai soma rawa ba, kamar yadda takan fara kashe jin ƙamshi ko ta kawo taurin bayan gida shekaru kafin a gane ta. Kuma mafi yawan tsofaffi masu nauyin kunne har su koma ga Allah ba sa yin Parkinson, don haka ki kwantar da hankalinki.

Namu mahaifin ya daɗe yana aiki a injin niƙa, shi ya sa kowa ya ɗora laifin kunnen a kan ƙarar inji. Abin da ya sa muka je asibiti ba rawar hannu ba ne, nauyin jiki ne. Tashi daga sujada ya koma aiki, liman ya kusa gama Fatiha shi bai miƙe ba. Hannunsa na dama ya daina lilo in yana tafiya, yana jan silifas, rubutunsa ya ƙanƙance, fuskarsa kamar mai fushi alhali ba fushin yake ba. Rawar daga baya ta zo, kuma sai hannun yana ajiye a cinya take tashi. Da ya kai hannu ga kofin shayi sai ta lafa. Wadda ke tashi lokacin riƙe kofi galibi wata karkarwa ce daban.

Ku fara kai Baba a leƙa kunnen, don wani lokaci datti ne kawai ya toshe shi, kuma don Allah a bar sosa shi da tsinken ashana. A yi masa gwajin ji a sashen kunne na asibitin koyarwa, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ku faɗa wa likita in an taɓa yi masa allurar gentamicin ko streptomycin, domin suna iya lalata ji. In an ce ya sa na'ura, ku lallashe shi ya sa. Tsoho in ba ya ji, sai ya janye daga majalisa ya shige ɗaki, wannan kaɗai ma illa ne. In kuma kin ga alamun da na lissafa, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi za ku nema. Maganin levodopa ya taimaki mahaifinmu ƙwarai, musamman da aka ce a riƙa ba shi da ɗan tazara kafin ya ci nama ko wake.