Yoga, ciwon ƙugu da rashin barci: amsa ga wani tela daga Fagge

TAMBAYA: Likita, ni tela ne. Ciwon ƙugu ya addabe ni, ga hawan jini, ga barci ba ya zuwa. Ɗana ya nuna min yoga a waya. Da gaske tana magani, ko addinin Indiyawa ne kawai?

AMSA: Malam, Allah Ya ƙara sauƙi. Yoga daga Indiya ta samo asali, kuma ta haɗa miƙa gaɓoɓi da sarrafa numfashi da zaman nutsuwa.

Ƙugu tana taimakonsa. Mutumin da yake duƙe a kan keke tun hantsi har la'asar, dole tsokar bayansa ta ƙage. A 2017 wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta sa yoga cikin abubuwan da mai daɗaɗɗen ciwon baya zai fara gwadawa kafin ƙwayoyi.

Amma ni numfashin na fi so ka riƙe. Idan damuwa ta yi yawa, jiki yakan zauna kamar wanda ake kora: zuciya na bugu, sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa lokacin damuwa na hawa, barci ya ƙaura. Fitar da numfashi a hankali yana rage bugun zuciya. Bayan sallar isha'i ka zauna a tabarma, hannu a kan ciki. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake ta kana ƙirga shida, har minti 10. Hankalinka zai tafi ga ɗinkin da ka yi wa mutane alkawari. Ba laifi, ka dawo da shi kan numfashin. Sai an yi makonni ake jin canji, don haka kada ka gaji.

Hawan jini kuwa, ɗan sauƙi kaɗan yoga take kawowa. Don Allah kada ka ajiye maganinka. Na ga magidanta da ɓarin jikinsu ya shanye saboda haka, kuma abin yana damuna ƙwarai. Ka kuma guji salon tsayuwa da ka, musamman idan kana da hawan jinin ido.

Batun addini ba fagena ba ne. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda kalmomin bauta da ake rerawa a cikinta. Motsin da numfashin suna aiki ba tare da su ba. Sauran ka tambayi malaminka.

Idan ciwon yana sauka ƙafa, tana yin sanyi ko ba ka jin ta, ko fitsari ya fara kufce maka, ka tafi asibiti a ranar.