Wuraren da za ka zaga in ka shiga Legas

Ɗan uwa mai tambayar inda zai kai iyalinsa yawon buɗe ido a Legas, wallahi fara da Lekki Conservation Centre, wani gandun daji da ke Lekki. Akwai gadar igiya a saman bishiyoyi, tsawonta mita 401, tana lilo sosai, in madam na tsoron tsayi kar ka matsa mata, kuma ku ɓoye abinci don birai na fizgewa. Bakin teku kuwa ni Tarkwa Bay nake so, sai a kwalekwale ake zuwa, ruwan ya fi lafawa amma dai ka riƙe yara gam, ku sa rigar kariya daga nutsewa a jirgi. Badagry, garin tarihin cinikin bayi, na da nisa, ka ba ta yini guda, ku fita bayan asuba saboda goslo. Da dare ku biya Obalende cin tsire.