Tashen Balaga Ne Ko Larura Ce Take Damun 'Yata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. 'Yata mai shekara 15 ta sa ni cikin damuwa. Yau ta ce ba ta da kamata, gobe ta ce na tsane ta. Idan ƙawarta ta yi jinkirin amsa saƙo sai ta yini tana kuka, kwanan nan kuma na ga tabon yanka a damtsenta. Ana ce mini tashen balaga ne zai wuce. Ina neman shawara. Daga wata uwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ta lafiya. Sauyin hali a shekarun balaga ba baƙon abu ba ne, amma tabon nan da kika gani ya fitar da maganar daga sahun abin da za a zuba wa ido.

Abin da kika bayyana yana kama da larurar rashin daidaiton hali, wadda likitoci suke taƙaita sunanta da BPD, ko da yake likitan ƙwaƙwalwa da ya zauna da ita ne kaɗai zai tabbatar, domin ciwon damuwa da raɗaɗin wani abin firgici sukan zo da irin wannan kama. Mai larurar yana fama da matsanancin tsoron a guje shi, fushinsa yana tashi nan take ya daɗe bai sauka ba, yakan ji zuciyarsa fayau, yakan kuma raunata kansa don rage zafin da ke cinsa, ba don neman a kula shi ba kamar yadda ake zato. Kundin DSM-5 na 2013, littafin da likitoci suke dubawa wajen gano larurorin ƙwaƙwalwa, ya lissafa alamomi 9, sai an sami 5 kafin a tabbatar da larurar, kuma ga wanda bai kai shekara 18 ba sai sun ɗore aƙalla shekara guda. Gado yana da hannu, haka ma cin zarafi ko yawan ƙaryata abin da yaro yake ji, don haka kada ki ɗora wa kanki laifin duka.

Babu ƙwayar da aka amince tana warkar da larurar kanta. Abin da ya fi amfani shi ne jinyar tattaunawa, musamman DBT, mai koyar da dabarun sarrafa motsin rai da jure damuwa, da masaniyar halayyar ɗan Adam Marsha Linehan ta Jami'ar Washington ta tsara, wadda aka daidaita don matasa har iyaye suna shiga, kuma mafi yawan masu larurar suna samun sauƙi sosai a hankali.

Kafin ku ga likita, ki kawar da reza da magunguna daga inda hannunta zai kai, ki saurare ta ba tare da faɗa ba, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, domin tambayar ba ta cusa tunanin. Idan ta amsa da e, ku je asibiti a ranar.