Ruwa Ya Yi Kore Shar, Gwaji Ya Ce Babu Fosfat

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon tarwada da karfasa a kududdufin da na haƙa gefen gonata a Kura. Tun shigowar bazara ruwan ya koma kore shar, da asuba kifin na tasowa sama suna haki. Na sayi kayan gwajin fosfat, irin wanda ake ɗiga magani a duba launi, sai ya nuna kusan babu komai. Jabu aka sayar mini ne? In ƙara kuɗi in sayi na'ura mai tsada?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Riƙe kuɗinka tukuna. Mai yiwuwa kayan gwajinka lafiyarsa ƙalau, abin da aka yi shi dominsa kawai ya auna.

Sinadarin fosfaras ba kama ɗaya yake zama a ruwa ba. Akwai narkakke, wato fosfat, wanda tsiro ke sha kai tsaye. Shi kaɗai maganin ke kamawa ya koma shuɗi. Akwai wanda ya riga ya shige jikin gansakuka da kashin kifi da ragowar abinci. Akwai kuma wanda ya manne wa laka, ya kwanta a ƙasa. Gansakuka ba ta barin narkakken ya daɗe, da ya fito ta lashe. Wanda ya leƙa tukunya bayan an raba tuwo zai ganta wayam, alhali tuwon na cikin mutanen gida. Koren da kake gani, shi ne fosfaras ɗin da kake nema.

A 1973 wani masani, David Schindler, ya raba wani tafki a Kanada gida biyu da labule. Duka ɓangarorin an zuba musu naitrojin da kabon, ɗaya kaɗai aka ƙara wa fosfaras, kuma shi ne ya rikiɗe ya koma kore. Ba kuma launi ne kawai abin tsoro ba: a watan Agustan 2014 mutum kusan 400,000 a birnin Toledo na Amurka aka hana shan ruwan famfo na kusan kwana uku, saboda gubar gansakukar tafkin Erie. Shi ya sa nake roƙonka kada ka bar dabbobi su sha ruwan da ya yi kauri kamar fenti.

Hakin asuba kuwa, gansakukar da ke ba da iskar oksijin da rana ita ke shanye ta da dare. Idan iskar ta ƙare a ƙasan ruwa, ƙarfen da ke cikin laka sai ya saki fosfat ɗin da ya riƙe, ya taso ya ƙara ciyar da gansakukar. Ka ga kududdufin da kansa yake zuba wa kansa taki.

In lallai kana son adadi, kai ruwan ɗakin gwaji na jami'a, ka ce jimillar fosfaras kake so. Can sai an dafa shi da asid kafin a auna. Ka kuma duba takardar kayanka: in PO4 (wato fosfat) aka rubuta, raba adadin gida uku ka sami P (wato fosfaras zalla). Amma ni a ganina hannunka ya wadatar. Tsoma shi a ruwa, in tafin ya ɓace tun ruwan bai kai gwiwar hannu ba, koren ya yi yawa. Rage abinci, sauya wani ɓangare na ruwan, kuɗin na'urar kuma ka sa shi a injin motsa ruwa da zai yi aiki daga tsakar dare zuwa fitowar rana.

Tambaya: Malam, an ce in zuba alif a kududdufina ruwan zai washe. Buhu nawa zan saya?

Amsa: Hajiya, wanda ya gaya miki bai yi ƙarya ba. Alif na kama fosfat ya nutse da shi, har manyan tafkuna ana yi wa haka a Amurka. Sai dai yana tsamama ruwa, kuma in ruwanki ba mai jure tsami ba ne, kifin na iya mutuwa a wuni ɗaya. Ba zan yanke miki adadin buhu ba tare da an auna ruwan ba, kuma kada ki yarda da mai shagon da zai yanke. Abin da zai daɗe yana amfanarki shi ne bayan kin kwashe kifi ki zubar da ruwan, a yashe baƙar lakar nan a kai gona, nesa da bakin ruwa. Taki ne mai kyau.

Tambaya: Malam, abinci mai yawo a saman ruwa ya fi tsada. Ya cancanci kuɗinsa?

Amsa: Ɗan'uwa, ga mai fama da koren ruwa, ƙwarai kuwa. Kana ganin abin da suka ci, ka tsaya da sun ƙoshi. Mai nutsewa, abin da ya ragu ruɓewa yake yi a ƙasa ba ka sani ba. In kai kake haɗa abincinka, ka san cewa yawancin fosfaras ɗin dusa da waken suya kifi ba ya iya narkar da shi, ta kashi yake fita ya koma ruwa.